Fata ta tafi Italiya, atamfa ta mutu a gida: me ya sa masana tattalin arziki suka kasa haɗa baki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na jami'a, ina rubuta kundin kammala digiri a kan fitar da kayan masana'antu daga Kano zuwa ƙasashen waje. Kaina ya ɗaure. Duk littafin da na buɗe da nasa bayanin: wannan ya ce arhar ƙwadago ce, wancan ya ce girman masana'anta, wani ya ce darajar naira. Mahaifina da ke Kantin Kwari kuma ya ce duk surutu ne, rashin wuta ne kawai. Wa zan bi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe min da Alhaji, ka ce masa ban ƙi tasa ba, sai dai ina da 'yar tambaya gare shi. Wutar da ta gagari masaƙa ai ita ce ta gagari kamfanin jima. Unguwannin masana'antu ɗaya ne, Challawa da Sharaɗa, dizal farashinsa ɗaya, hanyar Legas ɗin nan mai kusan kilomita 1,000 ita kowa ke bi. To yaya aka yi jemammiyar fatar Kano har yau take isa Italiya da Sifen, masaƙun kuwa akasarinsu sai ƙadangaru? Sannan ga na uku da ba a cika sa shi a lissafi ba: buta da bokiti da silifa da tabarmar roba, waɗanda ake lodi da su zuwa Maraɗi da Damagaram da Chadi. Kaya uku, gari ɗaya, makoma uku. Ka riƙe su a ranka, don da su za mu auna kowane ra'i.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, ra'in tattalin arziki ba hoton duniya ba ne. Mai shi da gangan yake ɗaure wasu abubuwa ya ce a ɗauka ba sa motsi, don ya ga yadda abu guda ke aiki. Saɓanin da ka gani yawanci daga nan yake: abin da wannan ya ɗaure, shi wancan ya kwance. In kana son sanin ra'i, kada ka fara da sakamakonsa. Ka nemi wurin da marubucin ya ce "mu ɗauka cewa", nan gizo ke saƙa.

David Ricardo, a 1817, ya buga misali da Ingila da Fotugal. A lissafinsa Fotugal na buƙatar aikin mutum 90 na shekara ta samar da tufa, mutum 80 ta samar da giyar inabi. Ingila kuwa sai da mutum 100 da 120. Fotugal ta fi a duka biyun ke nan. Amma ya nuna cewa duk da haka Ingila ce za ta fitar da tufa, don a nan ne gazawarta ta fi sauƙi. Babban tela ya fi yaronsa iya yanka, ya fi shi iya sa maɓalli, amma yaron yake bar wa maɓallin, saboda lokacinsa ya fi tsada a kan almakashi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. A wurin Ricardo, abin da ke raba ƙasashe shi ne yawan abin da hannu ɗaya ke iya samarwa. In ka bi shi, za ka ce ma'aikacin masaƙar Kano ko da albashinsa kaɗan ne, yadin da yake fitarwa a yini ya fi albashin ƙanƙanta idan aka kwatanta da na Sin, saboda tsofaffin injuna da tsayawar aiki duk sa'ad da aka ɗauke wuta. Ka ga Alhaji ɗan ɗariƙar Ricardo ne bai sani ba. Sai dai Ricardo bai gaya mana daga ina wannan bambancin iyawa yake fitowa ba. Ya tarar da shi ne ya yi lissafi a kai.

Wasu 'yan Suwidin biyu, Eli Heckscher a 1919 da ɗalibinsa Bertil Ohlin a 1933, suka juya abin. Suka ce mu ɗauka fasaha iri ɗaya ce a ko'ina, duk injin da Bajamushe ya iya kai ma za ka iya. Abin da ya rage shi ne abin da Allah Ya hore wa kowace ƙasa: mai yawan mutane ta fitar da kayan da ke cin hannu, mai yawan jari ta fitar da kayan da ke cin inji, mai faɗin ƙasa ta fitar da amfanin gona da ma'adinai. Lura da kyau: abin da Ricardo ya ce shi ne dukkan dalili, su sun share shi tun a layin farko. Yaya za a yi su ba ka amsa ɗaya?

A kan fata, wannan ra'i ya zauna daram. Muna da awaki da tumaki, muna da jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna tun zamanin da ayari ke ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saye a hannun 'yan Maroko suna kiranta fatar Maroko. A kan atamfa kuwa sai ya yi tuntuɓe. Muna da auduga a Funtuwa da Gusau, muna da matasa majiya ƙarfi da ba su da aikin yi. Bisa ƙa'idarsa mu ya kamata mu tufatar da rabin Afirka. Bangaladash ba ta noma audugar kirki, sayowa take yi, amma tufafi sun haura kashi 80 cikin 100 na abin da take fitarwa. Ba mu ne farkon waɗanda ra'in ya ba kunya ba. A 1953 Wassily Leontief ya ɗauki alƙaluman Amurka na 1947, ƙasar da ta fi kowa jari a lokacin, ya tarar kayan da take fitarwa sun fi cin hannu a kan irin waɗanda take shigowa da su. An yi shekaru ana gyara: aka ce ai ba a raba ƙwararren ma'aikaci da lebura ba, aka ce ai an manta da ma'adinai. Gyaran yana da ma'ana, amma ka ga yadda kowane faci ke haifar da sabon ra'i mai nasa bayanin.

Daga nan masana suka lura da wani abin da tsofaffin ra'ayoyin ba su da bakin magana a kansa. Jamus na sayar wa Faransa mota, Faransa na sayar wa Jamus mota. Jarinsu kusan ɗaya, iliminsu kusan ɗaya. Paul Krugman, a rubuce-rubucensa na 1979 da 1980 da suka kai shi ga lambar Nobel a 2008, ya ce sirrin yana cikin yawa. Kuɗin kafa masana'anta da zana samfuri sau ɗaya ake kashe shi; wanda ya buga turmi miliyan, kowane turmi ya ɗauki ɗan kaɗan daga wannan kuɗi, wanda ya buga dubu goma kuwa nauyin ya danne shi. Masu saye kuma suna son zaɓi. Saboda haka wanda ya riga ya yi girma zai ƙara girma, ko da a farko sa'a ce kawai ta ba shi, kuma ƙasa mai babbar kasuwar cikin gida ita ce ke zama mai fitarwa.

Ni a ganina babu inda wannan ya fi fitowa sarari kamar tarihin garin nan namu. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufa: saƙa da rini da bugu, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Rawani ɗan Kura sai da ya zama abin ado a wurin Buzaye. Auduga da baba ba Kano kaɗai ke da su ba. Abin da Kano ta samu shi ne babbar kasuwar Daular Sakkwato a bayanta, ga masaƙa da marina da mabuga da fatake sun taru wuri guda, kowa na rage wa ɗan'uwansa wahala, ɗa na koya a gindin uba. Abin da ya ɗaga mu jiya, shi ne ya ɗaga garuruwan Sin da ke buga atamfar da Alhaji ke sayarwa yau. Bangaladash ma haka ta faro: a 1979 wani kamfani mai suna Desh ya tura mutum 130 Koriya ta Kudu su koyi aiki a wurin kamfanin Daewoo, daga baya yawancinsu suka fita suka kafa nasu. Daewoo kuwa abin da ya kai shi can, ƙayyade yawan tufafin da Koriya za ta iya shigarwa Amurka da Turai ne. Wane lissafin yawan mutane ko yawan jari ne zai hango maka wannan?

Wannan saɓani ba na aji ba ne kawai. Mabiyin Heckscher da Ohlin zai ce wa gwamnati ta cire hannu, kasuwa ta san abin da ya karɓe mu. Mabiyin ra'in yawa zai iya cewa a kare jaririyar masana'anta har ta yi ƙwari. Duk gardamar da kake ji a rediyo kan hana shigo da yadi ko buɗe iyaka, waɗannan biyun ne ke faɗa da bakin wasu.

Buta da bokiti fa? Ra'in Ricardo da na su Heckscher ba su damu da su ba, don sun yi kamar jigila kyauta ce. Jan Tinbergen, a 1962, ya nuna cewa ciniki tsakanin ƙasashe biyu yana ƙaruwa da girman arzikinsu, yana raguwa da nisan da ke tsakaninsu. A duk lissafe-lissafen fannin nan, da wuya ka sami wanda alƙaluma suka gaskata kamarsa. Bokiti iska ce ake ɗauka: ya cika mota, kuɗinsa kaɗan. Wanda zai kawo shi daga Sin, ya sauke a Kwatano ko Lome, ya hau titi har Damagaram, jigila ta cinye ribar. Ƙwayar roba kuwa a buhu take zuwa, a narka ta a Sharaɗa, kwana ɗaya ko biyu kaya sun isa. Nisa daga teku da ke cutar mai fata shi ne garkuwar mai roba. Amma wannan ra'i yawan cinikin yake faɗa maka da wanda za ka yi da shi, ba ya faɗa maka ko fata za ka sayar ko atamfa. Tambayarsa daban ce, shi ya sa amsarsa ta zama daban.

Yanzu bari in kai ka inda na fi so. Shekarun baya na shiga wani kamfanin jima a Challawa, aka kai ni ɗakin tantancewa. Wani dattijo ne tsaye gaban tebur ƙarƙashin farar fitila, fatu jibge a gefensa. Ya ɗauki ɗaya, ya shimfiɗa, ya shafa da tafin hannu, ya ɗaga ta ga haske, ya jefa dama ko hagu, duk a cikin ƙiftawa biyu. Na ce, "Baba, wannan me ta yi?" Ya nuna min wani ɗan layi da ni ban gani ba sai da ya ja fatar. Ya ce, "Wuƙar mai fiɗa ce, Malam. Bature ba ya yafe wannan." Manajan ya ce da ni kafin kwantenarsu ta farko ta tashi sai da suka yi ta aika samfuri ana dawo musu da shi, launi bai yi daidai ba, kauri ya bambanta, ga takardun banki, ga na kwastam, ga wakili a Legas, ga jiran kuɗi watanni bayan kaya sun tafi. A unguwar Majema kuwa akwai mutanen da suka gaji jima da bagaruwa kaka da kakanni, sun san fata fiye da manajan nan, amma ba mai iya ɗaukar wannan kashe kuɗi na kafin a fara.

Abin da Marc Melitz ya sa a lissafi a 2003 ke nan. Ƙasa ba ta fitar da kaya, kamfani ne ke fitarwa, kuma ƙofar tana da kuɗin shiga. Sai mafi ƙarfi ke iya biya. Ko a Amurka, a alƙaluman 2002, kamfanonin sarrafa kaya da ke sayarwa waje ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Ra'ayoyin baya duk sun ɗauka kamfanonin sana'a ɗaya tamkar tagwaye ne. A nan ma akwai rigima: ƙarfi ne ke kai kamfani waje, ko fita wajen ce ke koya masa ƙarfi? Binciken ƙasashe masu arziki ya fi karkata ga na farko. Ni da na ga yadda dawo da samfuri ya tilasta wa kamfanin nan gyara aikinsa, ba zan raina na biyun ba, musamman a irin ƙasashenmu.

Saura masu kallon naira. Su ba ruwansu da wane kaya ne, farashin canji suke dubawa. Bayan Holan ta gano iskar gas a Groningen a 1959, kuɗinta ya yi ƙarfi, masana'antunta suka ji jiki, har abin ya samu suna ciwon Holan. Mu ma fetur ya yi mana haka: a 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi, kayan waje suka zama arha, namu suka yi tsada a idon baƙo. Maganin a takarda shi ne a karya naira. An karya ta a 1986 ƙarƙashin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, aka sake sakinta a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. To ina tulin kayan da muka fitar? Amsar tana cikin abin da masana'anta ke saye da dala. Mai jima fatarsa a naira yake saye, sinadarai ne kawai na waje, ya sayar a kuɗin Turai. Faɗuwar naira ta yi masa daɗi. Mai masaƙa kuwa rini da kayan gyaran inji duk sai ya bi ta Wapa, kasuwar 'yan canji, ga mai sayensa talaka ne da albashinsa ya narke. Magani ɗaya, ya warkar da wani ya kwantar da wani. Ra'in da ya ɗauka cewa duk kayan haɗi na gida ne zai ce maka karya kuɗi alheri ne, wanda ya sa kayan waje a lissafi zai ce a yi hattara, kuma kowannensu lissafinsa daidai ne.

Za ka ce to a kawo alƙaluma su raba gardama mana. Nan ne abin ya fi wuya, kuma malamai ba su cika faɗa wa ɗalibai ba. Duba abin da ya auka wa masaƙa cikin shekara 20: SAP a 1986, karya sefa da rabi a Janairun 1994 wanda ya rage ƙarfin masu sayen atamfarmu a maƙwabta, shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, ƙarewar ƙayyade cinikin tufafi na duniya a farkon 2005, ga fasa-ƙwauri, ga lalacewar wuta, ga raguwar noman auduga. Duk tare suka zo. Likita yana iya ba rabin marasa lafiya magani ya hana rabi ya gani. Mu ba mu da Kano ta biyu da za mu ba ta wuta mu hana ta atamfar Sin. Saboda haka mai ra'in canji ya zana layinsa ya ga ya hau, mai ra'in wuta ma ya zana nasa ya ga ya hau, don duka layukan ƙasa suka nufa lokaci guda. Haka fata: tallafin faɗaɗa fitar da kaya da gwamnatin tarayya ke bayarwa ta hannun NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya, kamfanonin jima na cikin manyan waɗanda suka ci moriyarsa. Akuya ce ta riƙe su ko tallafi? Sai ka duba shekarun da aka dakatar da shi ka ga abin da ya faru, kuma ko nan sai ka cire tasirin canji.

Su kansu alƙaluman a yi musu tambaya. A rabe-raben Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗanyar fata ɗanyen kaya ce, jemammiya kuwa kayan masana'anta, ko da ba ta zama takalmi ba sai a Italiya, inda mafi yawan ribar take. Takin yuriya ma kayan masana'anta ne, alhali iskar gas ce da ƙaton inji, ba ya ɗaukar mutane da yawa. A wasu rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa za ka ga jiragen ruwa a sahun gaba na kayan masana'antun da muka fitar, kai kuwa ka san shigo da su aka yi aka sake fitarwa. Butar da ta bi ta Jibiya ko Maigatari kuma sau da yawa ba ta shiga littafin kowa. Mutum biyu na iya cewa suna nazarin abu ɗaya, ɗaya yana ƙirga jirgi, ɗaya yana neman buta.

In ka matsa min sai na zaɓa, ga inda na tsaya game da Kano. Abin da Allah Ya hore mana shi ke bayyana dalilin da ya sa fata ce ba agogo ba. Nisa shi ke bayyana roba. Kuɗin shiga ƙofa shi ke bayyana dalilin da ya sa masu fitarwa ba su da yawa, kuma ya sa muka tsaya a jima ba mu kai ga takalmi ba duk da dukawan da ke Kurmi. Mutuwar masaƙa kuwa na fi jingina ta ga Ricardo da Krugman tare: tsadar samarwa ta kayar da mu, yawan na Sin ya hana mu tashi. Ra'in da na fi yi wa kallon hadarin kaji shi ne mai cewa arhar ƙwadago kaɗai ta isa. Da ta isa, da tuni an daina wannan magana.

Game da kundinka, taken ya yi faɗi. Ka zaɓi kaya ɗaya, kasuwa ɗaya, da tazarar shekaru. In roba ce zuwa Nijar, kana da abin da masana ke nema ido rufe: an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, abu ɗaya ya canza farat ɗaya, sai ka tambayi masu masana'anta abin da ya faru da odarsu kafin nan da lokacin da bayan nan. In fata ce, ka nemi kamfani mai fitarwa da wanda ba ya fitarwa, ka tambayi na biyun abin da ya hana shi, ka kuma tambayi na farkon ko tashar tsandauri ta Dala da aka ƙaddamar a 2023 ta rage masa ko kwana ɗaya. Kafin duk wannan, ka zauna da Alhaji bayan la'asar da biro a hannu. Ka tambaye shi shekarar da ya daina sarin atamfar gida, nawa turminta yake a lokacin, nawa ta Sin take, kuma su wa suka fara juya mata baya, matan cikin gari ko fataken Nijar. In ka samo wannan, ka kawo min babi na ɗaya mu duba tare.